Ansioso, Ɗan Nuzla Mai Riga Lokaci

Zuwa ga ƙanena Abubakar, wanda duk unguwar Nuzla ta sani da Bakur.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Ubangiji a gare ka, ni ce yayarka Kulu. Na san takardar nan ba za ta shiga hannunka ba, shi ya sa na ajiye ta a fili inda kowa zai gani. Masu leƙe su leƙa, ba da su nake ba, da kai nake.

Maganar sunan nan naka nake so mu yi. Ba na yanka ba, wancan da Kabtin ya liƙa maka, har yaran hara, wato unguwarmu, suka ɗauka suna bin ka da shi a lungu.

Ka tuna lokacin da ka samu aikin goge tabarmin roba a gidan koyon kokawa, can arewacin Jidda? Mai koyarwar mutumin Birazil ne, kowa Kabtin yake ce masa. Ya gan ka tsaye da tsumma a hannu kana kallon masu kokawa, ƙafarka sai rawa take, ya ce ka ajiye ka shigo. Kafin ya buɗe baki ya ce a fara, ka riga ka cafki wuyan abokin karawarka. Kabtin ya ɗaga ka sama ya maka da ƙasa, ya danne maka maƙogwaro da gwiwar hannu har idanunka suka firfito, ya ce, “Ansioso!” Ka dawo gida leɓe a fashe, kana ta dariya, wai Bature ya raɗa maka suna.

Ni ban yi dariya ba. Na zaci zagi ne, kuma ka san ni, ba a zagin ɗan uwana in kwana ban ji dalili ba. A lokacin ka samo mini aikin guga a gidansa, sai na tare matarsa da ɗan Larabcin da muke haɗawa ni da ita. Madam ba 'yar ƙasar mijinta ba ce, Sifaniyanci take yi, shi kuma Fotugis, amma ta ce kalmar ɗaya ce a bakinsu duka. Ta nuna mini ɗanta ƙarami, tsaye a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa tun safe, don an ce masa da yamma za a je bakin teku. Ta ce, “Ansioso.” Sannan ta dafa ƙirjinta. Ashe ranar ake yi wa uwarta aiki a asibiti can ƙasarsu, waya na hannunta ta kasa ajiyewa. Ta ce, “Ansiosa,” haka ake ce wa mace.

Na ce mata ya za a yi, wancan murna yake, ke tsoro kike ji? Ta ce jiki bai san bambancin ba, bugun zuciya ɗaya ne, rashin zama ɗaya ne. Abin bai iso ba, kai ka riga ka fita tarye. Na ce a raina, kai, waɗannan mutane da ƙyuya suke. Mu muna da ɗoki, muna da zumuɗi, muna da fargaba da zullumi, kowanne da ɗakinsa, su sun tara su a ɗaki guda. Na ci gaba da gugata. Ban san shekarun da zan yi a cikin ɗakin nan ba.

Amma dai sunan ya dace da kai, wallahi. Bakwaini aka haife ka. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce, “Yaron nan ko cikina bai bari ya cika ba.” Kunu ba ya hucewa a gabanka, kullum harshenka a ƙone. A sallah kana riga liman ɗagowa. Kabtin ya yi iya yinsa, yakan sa ka kwanta ƙarƙashin ƙaton mutum ya hana ka motsi, wai ka koyi jira. Ka koyi shaƙe mutum, ka koyi karya hannu, jiran ne kawai ka baro masa a can.

Sai ranar Sallah ƙarama, ranar mizmar.

Waɗanda ba su taɓa gani ba, bari in faɗa musu, kai ka yi haƙuri. Wasan sanda ne na mutanen Jidda, mu ma 'yan hara mun taso a cikinsa. A hura wuta a tsakiyar fili, masu ganga a gefe, maza su yi sahu suna tafi suna waƙa. Mutum biyu ne ke shiga, kowa da gorarsa, su zagaya wutar suna juya sandar a saman kai. Sai sun gama sun fita, sannan babban hara, wanda ake ce wa Yaba, ya yi wa wasu biyun alama. Doka ɗaya ce tak, kuma ko yaro ya san ta: ba a shiga wa mutum zagayensa. Wanda ka shigar wa, ka gaya masa a gaban jama'a cewa shi ba kowa ba ne.

Muna kan soro ni da sauran mata, rana ba ta ƙarasa faɗuwa ba. Dirisu ne a fili, maƙwabcinmu na tsallaken lungu, wanda bai shekara da aure ba. Matarsa Ramla na kusa da ni da tsohon ciki, tana guɗa. Na hango ka a sahu, ƙafar nan na rawa, na ce ya Latifu. Saura zagaye ɗaya ya rage masa, Bakur. Yaba bai ko kalle ka ba. Ka faɗa fili.

Na san ba raini ba ne, ganga ce ta ɗebe ka. Amma Dirisu bai sani ba. Ya juyo ya buge gorarka, ta yi tsalle ta faɗa wuta. Jama'a suka ce “Hooo!” Ya sake kawo maka ta biyu a kafaɗa, na ji ƙararta daga kan soro. Kai kuma ba ka ja baya ba, ka shige jikinsa irin yadda aka koya maka, ka kwashe ƙafafunsa. Keyarsa ta sauka a kan dutsen da aka kewaye wutar da shi. Ka bi shi ka danne, hannunka a wuyansa, mutane na dukanka da gora a baya suna ihu ka sake shi, ba ka ji. Da aka ɓamɓare ka, jini na fita ta kunnensa, ƙafarsa ɗaya na shure toka. Ganga ta tsaya. Ramla ba ta yi kuka ba a lokacin, amai ta yi a kan ƙafata.

Ba ka gudu ba, wannan na shaida maka. Ka zauna a wurin kana girgiza shi kana cewa, “Dirisu, yalla, tashi mana.” A nan 'yan sanda suka same ka.

Alƙali ya yanke ƙisasi, rai a bakin rai. Amma ya ce ba za a zartar ba tukuna, domin akwai magajin da ba a ji ta bakinsa ba, shi ne abin da ke cikin Ramla. Sai an haife shi, ya girma, ya mallaki hankalinsa, a tambaye shi. In ya ce a kashe, takobi. In ya ce ya yafe, to ko da duk dangi sun ƙi, an gama, ranka ya tsira. Manyan hara suka je ban haƙuri. Uwar Dirisu ta rufe musu ƙofa, ko maganar diyya ba ta bari an buɗe ba. Ramla ta tofa yawu a ƙasa. Wan Dirisu, Sale, ya ce da hannunsa zai raini yaron, kuma kalmar da zai fara koya masa ita ce sunanka.

Namiji ta haifa. Aka mayar masa da sunan ubansa, ana kiransa Halifa.

Wani malami ya ƙara mini bayanin da ya hana ni sukuni. Ya ce idan yaron ya mutu kafin ya girma, haƙƙinsa zai koma hannun uwarsa da baffansa, su kuwa sun riga sun faɗi abin da suke so. Wato muddin Halifa na numfashi, kana numfashi. Kuma duk ranar da ya ƙara tsawo, takobin ya ƙara matsowa. To ka gaya mini, wace addu'a zan yi? Na ce Allah ya raya shi, na ce Allah kar ya yi saurin girma, na rasa wadda zan ce wa amin.

Babu wanda ya so lafiyar yaron nan kamar ni, har uwar da ta haife shi, ta yi haƙuri. Idan ya yi tari a tsallaken lungu, ni ke farkawa. Da ya yi zazzaɓin haƙori na ajiye musu zamzam da habbatus sauda a bakin ƙofa, Ramla ta fito ta juye su a kwata ina kallo. Da ya fara wasan ƙwallo a titi, na mayar da tallar wainata bakin titin, don in riƙa yi wa masu mota tsawa. Mutane suka ce Kulu ta taɓu. Su faɗa mana, ƙaninsu ne a ɗaure?

Kai kuma ranar wayarka daga gidan yari in ta zo, ko gaisuwa ba ka ƙarasawa. “Yaya, ya kai ina?” In ce ya kai ƙugun uwarsa. In ce ya kai kafaɗarta. In ce muryarsa ta fara buɗewa. Kai ne ka ba ni labarin safiyar gidan yari, yadda ake buɗe ƙofa bayan asuba a kira mutum da cikakken sunansa, har na kakansa, ya fita, a raba bargonsa da silifas ɗinsa. Ka ce, “Yaya, a nan ba a tuna kakan mutum sai ranar.” Ka ce duk safiya zuciyarka ke bugawa tun kafin ka ji makulli. Na tuna Madam da hannunta a ƙirji, na ce lallai matar nan ta san abin da take faɗa.

Shekarar da gashin baki ya fara tsiro wa Halifa, Sale ya miƙa masa gorar ubansa ya kai shi mizmar. Filin nan dai, dutsen nan dai. Ina kan soro. Yaron ya jira har Yaba ya yi masa alama, ya shiga, ya yi zagayensa tsaf, tafiyar ubansa sak. Yana fitowa wani ɗan iska daga wata hara ya jefa masa magana a kan Dirisu. Kafin ka ce me, fili ya hargitse, gora ta ko'ina, wani ya shuri wutar garwashi ya watsu. Na ga an kai yaron ƙasa, mutum uku a kansa.

Ban san yadda na sauko ba. Ba takalmi, mayafi a hannu, na ratsa maza, abin da mace ba ta taɓa yi ba a Nuzla. Na kwanta a kansa. Gora ta farko ta same ni a baya, ta biyu ta fasa mini goshi, ta uku na tare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Garwashi na cin gwiwata ban ji ba sai daga baya. Yaron na ƙarƙashina yana cewa, “Khala, ɗaga ni, jininki na shiga mini ido.” Karo na farko ke nan da ya taɓa yi mini magana, kuma Khala ya ce mini, yadda ake kiran 'yar uwar uwa.

Sale ne ya finciko ni ta abaya, ya ja ni a ƙasa. Ya ce, “Munafuka, ba don Allah kika yi ba!” Na ce masa, “Don ƙanena na yi, kuma gobe ma in an taɓa shi zan sake.” Hannun bai ɗoru daidai ba, har yau a karkace yake. Na ce maka faɗuwa na yi a banɗaki, ka ce in riƙa kula.

Daga nan sai rusau ya zo. Aka shafa jan fenti a bangayenmu, motoci suka shigo suka niƙe Nuzla, gidanmu, soron, filin mizmar, har dutsen. Kowa ya kama gabansa. Ni na samu ɗaki a ɓangaren Madain Fahd da ba a taɓa ba, su Ramla kuwa ban san inda suka nufa ba. Na bi unguwar Sa'alaba da ƙafa ina tambaya, nan ma tarin ƙasa na tarar. Ranar wayarka ta zo ka ce, “Ya kai ina?” Na ce ban sani ba. Ka yi mini ihu, Bakur, ka ce aiki ɗaya ka ba ni a duniya. Na kashe wayar na yi kuka, kuma ban ji haushinka ba.

Sauran labarin ba ka sani ba. Shi ya sa na zauna rubutun nan.

Wata Litinin bayan la'asar aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na buɗe na ga Dirisu a tsaye, har na ja da baya. Halifa ne, ya zama cikakken mutum, shi ya bi yana tambaya har ya gano ni. Ya ƙi shigowa. Hausarsa ba ta da ƙarfi, irin ta yaran yanzu, rabi Larabci. Ya ce, “Khala, bukra, gobe ke nan, zan je gaban alƙali. Halas, na yafe masa. Kar ki gaya wa kowa, Baffa zai karya ni kafin in isa.” Ya ce tun ranar mizmar ya yanke, amma maganar yaro ba ta shiga kotu, sai ya yi shiru ya jira shekarunsa su cika. Yana magana yana kallon hannuna. Ka ji fa, yaro ya riƙe magana ɗaya a cikinsa duk shekarun nan, ko uwarsa bai gaya wa ba.

Bakur, ba a kiran ku a waya, ku ke kira, kuma ranar wayarka Alhamis ce. Na tari mota na tafi har ƙofar gidan yarin. Mai gadin bai wulaƙanta ni ba, ya ce, “Ya hajja, ba ranar ziyara ba ce.” Na roƙe shi ya kai maka kalma ɗaya, ya ce ba shi da iko. Na ce to ba komai, gobe ai da kunnenka za ka ji, ya ma fi daɗi. Na biya kasuwa na yanko maka farin yadi, ina ta lissafin ko ka rame ko ka yi ƙiba. Na jiƙa shinkafar waina. Ban runtsa ba, kuma gari na wayewa ina tsaye a bakin ƙofata da takalmi a ƙafa, kamar yaron Madam. Tun da aka kama ka zuciyata ke wannan bugun, ranar ce kawai ta yi shi don murna.

Abin da ya faru a wajenka, wani abokin zamanka ne ya bugo ya gaya mini. Ya ce bayan asuba aka buɗe ƙofa, aka ce, “Abubakar ɗan Usman ɗan Haruna.” Takardar kotu ce a hannun mutumin, sunan da ke jiki ya karanta. Kotu za a kai ka, ka zauna ka ji yaron nan ya ce ya yafe.

Ka san shekarunsa sun cika, sai ka ɗauka an riga an tambaye shi. Ba ka ce ina za mu ba. Ka miƙa wa na kusa da kai bargonka, ka cire silifas ka ba wani, ka yi shahada da ƙarfi har ɗakin ya amsa. Abokin zaman naka ya ce ba wanda ya riƙe ka, kai ne ma a gaba, masu gadin na bin ka a baya suna cewa ka dakata. Ba ka kai ƙofa ta biyu ba ka kife da fuska, haƙoranka na gaba suka zube a siminti. Likita ya ce zuciya ce.

A daidai lokacin Halifa na zaune a benci a kotu, cikin farar jallabiya, yana jira a shigo da kai.

Da labari ya iso, alƙali ya ce ai magana ta ƙare. Yaron ya ce a'a, shi dai a rubuta. Ya miƙe ya faɗa da bakinsa cewa ya yafe wa wanda ya kashe ubansa, don Allah, ba ya son komai. Da shi aka ɗauki makararka, kafaɗarsa ɗaya a kumbure, aikin Sale. Farin yadin da na yanko maka, ka san abin da aka yi da shi.

Ina jin haushinka, Bakur, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ka yi kana jira, kai da ko kunu ba ka iya jira, ka jure, sai da ya rage 'yan taku. Da ka tsaya ka yi tambaya ɗaya. Da ka bari masu gadin nan sun cim maka. Na ba da hannuna, na ba da ƙuruciyata ina gadin ɗan mutane, na kawo maka shi har bakin ƙofa da alheri a bakinsa, ka sake faɗawa fili ba a yi maka alama ba. Haba ɗan Inna. Haba ƙanena.

Kabtin ya daɗe da komawa ƙasarsu, ban san ko yana raye ba. Da zan ga Madam, da na ce mata na gane, ɗaki ɗaya ne. Yanzu ƙirjina shiru, ba na jiran waya, ba na jiran safiya, ba na auna tsawon kowa. Na zaci hutu zan ji. Wallahi na fi son bugun.

Halifa yana zuwa wani lokaci ranar Juma'a. Yanzu yana shigowa, ya ci waina, ba ma yawan magana. Ran nan ya tambaye ni wane irin mutum ne kai. Na ce masa kai mutum ne mai ƙona harshe da kunu. Ya yi murmushi, ya ce shi ma an ce haka ubansa yake.

Allah ya jiƙanka, Abubakar. Allah ya karɓi shahadar da ka yi a bakin ƙofar nan, ya sa tsoron da ka sha kowace safiya ya zama kaffara. Allah ya jiƙan Dirisu, ya sanyaya zuciyar Ramla, ya yi wa Halifa albarka, ya tsare shi daga gorar kowa. Allah ya sa inda kake babu makulli, babu mai kiran sunan kaka.

Kuma idan kun haɗu da Dirisu a can, don Allah ka koma sahu ka tsaya. Saura zagaye ɗaya ya rage masa. Ka bar shi ya gama.

Taka har kullum,
Yaya Kulu,
Madain Fahd, Jidda.